Kasetin Ranar Suna

Saura kwana takwas a sa Rukayya a lalle, ranar wata Laraba, waƙoƙin kakarta suka ɓace daga wayar uwarta.

Malama Saudatu, uwar amaryar, tana zaune a ofishin malamai na firamaren da take koyarwa a Azare. An tashi tara, yara sun cika fili da ihu, ita kuma ta jawo waya kamar yadda ta saba, ta buɗe manhajar sauraron waƙa, ta nufi shafin da ke ɗauke da waƙoƙin mahaifiyarta, Ya Fanna. Sunayen waƙoƙin suna nan a jere, su talatin da ɗaya, amma duk sun dusashe sun yi toka-toka. Ta danna ta farko, shiru. Ta danna ta biyu, shiru. Ta kashe wayar ta kunna, har da hura mata iska a ramin caji, sai ka ce tuwo ne ya yi zafi. Duk da haka shiru.

Ya Fanna zabiya ce, mai kiɗan ƙwarya. A zamaninta, bikin da ba ta je ba daga Azare har Dambam, matan gidan sai sun shekara suna ba da haƙuri. Wani mai sayar da kaset a kasuwa shi ne yake bin ta da rikoda yana ɗauka, ya buga ya sayar, ya kawo mata uwar kaset ɗin ta jefa a akwatin ƙarfe. Da ta rasu, shekara huɗu ke nan, akwatin ya dawo hannun Saudatu. Ba ta taɓa kunna ko ɗaya ba, don rediyon gidan mai cin kaset ya riga tsohuwar mutuwa. Ana nan sai wani bawan Allah da ba ta san ko wane ne ba ya ɗora waƙoƙin a manhaja. Tun daga ranar Saudatu ta zama mai wa'azin waya. Duk wanda ya zauna kusa da ita minti biyar sai ya ji cewa duniya ta ci gaba, uwarta tana cikin aljihunta, ba ƙura ba ɓera, ba zare ya sarƙe a nemo biro a naɗe.

A cikin talatin da ɗayan nan akwai guda da ta fi sauran. Ya Fanna ta yi ta ne ranar sunan Rukayya, mace ta farko bayan maza uku. Kuma tana kwance ciwon ajali ta kama hannun Saudatu ta ce, ranar da za a sa yarinyar nan a lalle a sa mata waƙarta, ko tana nan ko ba ta nan. Saudatu ta yi alkawari. Rukayya ma ta sani, har ta gaya wa ƙawayenta cewa ba za a taɓa mata lalle ba sai muryar kakarta na tashi.

"Maman Peace," in ji Saudatu, "zo ki duba mini, ko datata ce ta ƙare."

Victoria, wato Maman Peace, malamar aji huɗu, mutuniyar kudancin Bauchi, ta ajiye littattafan da take dubawa ta karɓi wayar. Ta ja sama, ta ja ƙasa, ta shiga ta fita.

"Data na nan, Malama. Waƙoƙin ne babu a shafin. Ko mai shi ya sauke, ko an sauke masa."

"To ai na ajiye su a ciki. Kin ga alamar nan? Ko babu sabis ina ji."

"Ajiyar cikin manhajar ce. Ɗakinsu ne, ba naki ba. Ranar da suka rufe ƙofa, har da abin da kika ajiye suke rufewa."

"Waƙar uwata?" Saudatu ta miƙe tsaye ba ta san ta miƙe ba. "Uwar da ta haife ni? Wani ne zai rufe mini ƙofa a kanta?"

Victoria ba ta ce komai ba a kan ɗan memorin da take ƙullewa a jakarta, mai ɗauke da waƙoƙin zumuntar matan cocinsu, wanda Saudatu ta sha yi mata tsiya a kansa tana kiran sa layar Maman Peace. Mace ce mai kara. Sai ta dafa kafaɗarta ta ce, "Kwantar da hankalinki. Ba kina da kaset ɗin a gida ba? A kai a juye miki, shi ke nan."

Saudatu ta sauke ajiyar zuciya. Ta ma ji kunyar ihun da ta yi.

Da aka tashi ba ta tsaya jiran kowa ba, ta tare keke napep. Ko mayafi ba ta cire ba ta faɗa ɗakin ajiya, ta ture buhun masara, ta jawo akwatin. Tun daga yadda ya taho da sauƙi jikinta ya ba ta. Ta ɗaga murfin. Tsohuwar jarida ce a shimfiɗe a ƙasa, sai wani fankon kaset guda da ya tsage.

Mijinta, Malam Babayo, yana zaune a tsakar gida yana yanke farce. Ta fito da akwatin a buɗe ta dire a gabansa.

"Malam, ina kayan cikin nan?"

Ya ɗago ya dube ta, ya dubi akwatin. "Ba ke kika ce a fitar da tarkacen nan ba, a sami wurin ajiye kayan ɗakin yarinya? Sau nawa kina faɗa? Kika ce duk suna cikin waya."

Gaskiya ce, ta faɗa. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba, kuma da bakin nan nata mai kaifi. Amma ita a ranta magana ce irin ta mai shara, wadda ake yi a manta.

"Wa ka ba?"

"Jaji ne ya zo wancan watan, ya gani ya ce yana so. Na juye masa a buhu."

Jaji ƙanin Malam Babayo ne, manomi a Dagauda. Saudatu ta ji sanyi ya ɗan sauka a ƙirjinta. Ita haifaffiyar cikin gari ce, gonar da ta sani ita ce ta cikin littafin aji uku. A tunaninta mutumin ƙauye ne kawai ya rage da rediyo mai cin kaset, yana can gindin bishiya yana jin Ya Fanna yana kaɗa kai.

"To alhamdu lillahi," ta ce. "Gobe zan je in karɓo."

Malam Babayo, wanda aka haifa a Dagauda, ya san abin da manomi ke yi da kaset a watan da gero ya fitar da kai. Ya ce, "Ki bari ni in je mana."

"Kai da ka bayar? Zauna abinka."

Ya koma kan farcensa, amma ya daɗe bai yanke ko ɗaya ba. Ta kira Jaji sau uku, wayar a kashe.

Washegari ta aika wa shugaban makaranta uzuri, ta shiga motar Dambam. A Dagauda aka ce mata Jaji yana gona tun sassafe, sai ta hau acaɓa. Sun bar gari kaɗan ta hango wani wuri yana walƙiya a saman gero, har ta ɗauka ruwa ne ya kwanta. Mai acaɓan ya tsaya daidai nan ya ce an iso.

Ta sauka. Sanduna ne a kakkafe kewaye da gonar, daga kowace sanda an ja wani siririn zare baƙi ya ratsa saman zangarniyoyi zuwa wata sandar. Zaren ya cika gonar, sama da ƙasa, gicciye da tsaye. Iska na kaɗa shi yana juyawa yana ƙyalli, yana wani irin kuka siriri. A jikin kowace sanda kuma an rataye wani abu mai kusurwa huɗu yana bugun itacen, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ta matsa kusa da sandar farko ta kama abin. Kaset ne. A jikin takardarsa da ta sha ruwa, da shuɗin biro, an rubuta sunan wani biki da aka yi kafin ta yi aure.

"A'a! Matarmu!" Jaji ne ya fito daga cikin geron, fartanya a kafaɗa, baki har kunne. Tsakaninsa da matar yayansa kullum wasa ne. "Yau dai kin gaji da tsoho kin gudo wurin saurayi? Zo ki ga aikin kayanku. Wallahi bana ko jan baki ɗaya bai sauka a gonar nan ba. Maƙwabcina tsuntsaye sun cinye masa rabi, ni kuwa kin gani. Kaset ɗin da, ai ba irin na baya-bayan nan ba ne, zarensa ƙarfi gare shi."

Saudatu ba ta san lokacin da ta zauna daɓas a ƙasa ba. Sai nuna zaren take da hannu.

"Lafiya, Yaya Saudatu?" Wasan ya gudu daga fuskarsa.

"Jaji," ta ce da ƙyar. "Ya Fanna ce."

"Wace Ya Fanna?"

"Uwata. Duk wannan. Ita ce ka shanya."

Jaji ya juya ya dubi gonarsa kamar yau ya fara ganin ta. Fartanyar ta zame daga kafaɗarsa. Ya Fanna ce ta yi wasa a bikinsa, ta ƙi karɓar ko sisi don ya zama ɗan gida. Shi bai yi boko ba, rubutun jikin kaset ɗin bai taɓa ce masa komai ba.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce. Ya cire hula ya riƙe a hannu. "Yaya ya ce mini tsoffin waƙoƙi ne, duk suna cikin waya. Na rantse da Allah da na sani, gara tsuntsu ya cinye har karan."

"Babu su a wayar. Jiya aka sauke."

"Aka sauke? Wa ya sauke?"

"Ban sani ba."

"Ba ki san shi ba, kuma kika ba shi ajiya?"

Ba da gatse ya yi tambayar ba, mamaki ne tsagwaronsa, shi ya sa ta fi ciwo. Saudatu ta fashe da kuka, irin kukan da ba ta yi ba ko ranar rasuwar, don ranar tana da baƙi a gida.

Jaji ya bar ta ta yi mai isarta. Sannan ya durƙusa nesa kaɗan ya ce mata shi ba ya yar da fankon. In ya ja zaren ya ɗaure a can, sai ya rataye kaset ɗin a sandar da ya fara, don ƙarar bugunsa ma tana korar tsuntsu. Saboda haka kowane zare yana tare da gidansa. In akwai wanda take nema, sai su bi sanda-sanda, ita ta karanta.

Suka bi. Rana ta take, ganyen gero na yankar mata hannu, takalmin makarantarta ya cika da ƙasa. Tana kama kaset tana karantawa tana saki: bikin wance, sunan ɗan wane, kamun gidan Alhaji wane. Rabin mutanen sun mutu. Wasu takardun ruwa ya wanke su fes, ba a ganin komai. A sanda ta arba'in da wani abu, can kusa da wata bishiyar gawo, ta kama guda ta tsaya. Rubutun ya kusa gogewa amma ana karantawa: Sunan Rukayya.

Ta bi zarensa da ido. Ya murɗe, ya kode, a wasu wuraren har ana hango sararin sama ta cikinsa. Amma a cikin fankon, ta ɗan tagar tsakiya, akwai sauran naɗi da Jaji bai ja ba, bai fi kaurin zobe ba.

Jaji ya zaro wuƙa ya yanke mata shi a hankali. Daga nan ya juya ya fara sassare sauran zaren da ke kusa, yana huci, yana tattarawa a hannu.

"Me kake yi?"

"Sauke su zan yi duka. Ba za ta ƙara kwana a waje ba."

"Bar su, Jaji." Ta share fuska da bakin mayafi. "Waɗannan sun riga sun tafi. Kada geron ma ya bi su, yaranka su rasa na ci."

Ya tsaya da zaren a hannu, bai san inda zai ajiye shi ba. Har ta hau acaɓa yana nan tsaye a wurin, hularsa a ɗaya hannun.

Ranar Juma'a da hantsi ta shiga kasuwar Azare tana tambaya, har aka nuna mata rumfar Malam Bahauddeen. Dattijo ne da ya yi shekara talatin yana gyaran rediyo, yanzu kuma fitilun sola da cajar waya suka fi yawa a teburinsa. Ta ba shi labari a taƙaice. Bai yi mata faɗa ba, bai kuma ce komai a kan waya ba. Ya sa tabarau, ya kwance kaset ɗin da ɗan sukundireba, ya daɗe yana duban naɗin.

"Hajiya, kin ga ruwan ƙasan nan da ke jikin zaren? Shi ne muryar. Laima ta shige shi, ya fara saki." Ya taɓa gefen da ɗan yatsa, ya nuna mata abin da ya biyo hannunsa. "Wannan farkon kaset ɗin ne, bai fi minti ɗaya ba. Zan liƙa bakinsa a ɗaya gefen in sa a rikoda. Amma kan rikodar zai kankare shi yana wucewa. In ya yi magana, sau ɗaya zai yi. Ki shirya wayarki ki ɗauka."

Minti ɗaya. Ta lissafa a ranta: ya isa baitin farko da amshi. A maimaita shi sau uku a lasifika, a sa wa Rukayya lalle, ta cika alkawari ko da rabi ne.

Ya jawo wata tsohuwar rikoda daga ƙarƙashin tebur, ya goge ta, ya roƙi mai injin markaɗen da ke maƙwabtaka da shi ya ɗan dakata. Saudatu ta buɗe wurin ɗaukar murya a wayarta, ta kara ta a bakin lasifikar, babban yatsanta a saman jan maɓallin.

"Bismillah," in ji Malam Bahauddeen, ya danna.

Shuuu kawai ake ji. Saudatu ta ce a ranta bari ta jira ƙwarya ta fara, kada ranar lalle mata su fara cin karo da wannan hayaniyar. Ko a nan ma tana tunanin abin da mutane za su ce.

Sai hayaniyar ta zama tsakar gida. Muryoyin mata, ƙarar turmi can nesa, jaririya na tsala kuka. Wani namiji ya ce, "Dakata, Ya Fanna, ban gama haɗawa ba." A waya ba a taɓa jin wannan ba. Wanda ake sayarwa a kasuwa daga kiɗa yake farawa, mai kaset ya yanke duk abin da ya gabace shi.

Sannan murya ta zo, kusa ƙwarai, ƙasa-ƙasa, muryar wadda ba ta san ana ɗauka ba.

"Yi shiru, yi shiru, 'yar nan. Kin san ke 'yar wace ce? 'Yar Saudatu ce ke." Ta yi 'yar dariya. "Saudatuna. To na faɗa, kada ki gaya wa kowa."

Saudatu 'yar fari ce. Tun da ta yi wayo har ranar da aka ɗauki gawar, ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba. Ke ce, ko waccan, ko yarinyar nan, kamar yadda iyaye ke yi wa ɗan fari saboda kunya. Matar da ta kira sunan rabin matan Katagum a waƙa, ta wasa su har da kakanninsu, ba ta taɓa kiran nata ba. Tana ƙarama abin ya sha sa ta kuka a ɓoye, da ta girma ta ce al'ada ce ta haƙura. Yanzu ga shi, tana da shekara hamsin da ɗaya, a tsakiyar kasuwa, kusa da injin markaɗe.

Ba ta ji lokacin da ƙwarya ta fara ba sai sama-sama. Muryar ta ɗaga, cikakkiya, ta ranar da ƙarfinta: "Rukayya ta iso, mata ku ba ta hanya..." Mata suka ɗauki amshi, ba su kai ƙarshensa ba sautin ya lanƙwashe, ya nutse, ya koma shuuu. Rikodar ta yi ƙas ta tsaya.

Malam Bahauddeen ya cire tabarau. "Ikon Allah. Ya yi magana. Kin ɗauka ko?"

Ta dubi wayar. Yatsanta yana nan inda yake, a saman jan maɓallin, bai taɓa shi ba. Agogon ɗaukar yana kan sifili.

"Mayar," ta ce. "Malam, don girman Allah mayar."

Ya dube ta, ya mayar da zaren baya da biro a hankali, ya sake dannawa. Wannan karon ta danna nata tun kafin ya danna nasa. Suka kasa kunne su biyu, har da mai markaɗen da ya matso. Shuuu, daga farko har ƙarshe. A wani wuri kamar an ji wani abu mai kama da dariya, ko kuwa kunnenta ne. Ya fito da kaset ɗin ya ɗaga a haske. Zaren ya zama fari tas kamar ledar ƙunsa gishiri.

"Ki yi haƙuri, Hajiya," ya ce.

Tana tsaye tana kallon sa ya ɗauki ɗan guntun auduga ya jiƙa, ya goge kan rikodar kamar yadda ya saba yi bayan kowane aiki. Audugar ta fito da ruwan ƙasa a jikinta, ɗan kaɗan, bai fi a rufe da farce ba. Ya ɗaga hannu zai jefa ta a kwandon shara.

"Kada ka yar," in ji Saudatu.

Ya tsaya da hannu a sama. Ta miƙa tafinta, ya ɗora mata. Ta ƙulle audugar a bakin mayafinta, ta ƙara ƙulli na biyu, sannan ta fita neman keken da zai kai ta gida ta gaya wa Rukayya.